Kwaɗin da Na Ɗauko wa Mama

Rahila, ke kika sa na zauna rubuta wannan babi. Ranar da muka dawo daga binne mahaifiyarku, muna zaune a tsakar gida ana karɓar gaisuwa, na ji Antinku Lami tana gaya wa wata mata, da raɗar nan tata da ake ji har bakin titi, cewa Allah ya jiƙan Saratu, mace ce ta kirki, sai dai abin da ta yi wa tsohuwa. Na ga kin ji. Na ga kin sunkuyar da kai kina murza bakin zanenki, kuma ba ki tambaye ni ba, domin ku 'ya'yan Saratu duk kun gaji shirunta. To ga amsar tambayar da ba ki yi ba. Ki karanta wa Ishaku da Hannatu, ko da yake na san Ishaku zai ce ai ya riga ya sani, shi da a lokacin bai san komai ba sai ƙwallo. Mahaifiyarku ba ta kori kakarku daga gidan nan ba. Ni na mayar da ita ƙauye da hannuna, kuma abin ya faro ne daga kwaɗi.

A shekarar ina akawu, ban daɗe da tarewa a gidan nan na Bulumkutu a Maiduguri ba. Unguwar ba ta cika haka ba. Bayan katangarmu fili ne da ramukan da masu gini suka haƙe, ba kamar yanzu da ko keke sai ya yi dabara yake juyawa ba. Mama tana can ƙauyenmu cikin duwatsun kudu, idanunta sun mutu, ga hawan jini. Ni da yayata Lami, wadda ke aure a Jos, muka yanke shawara a dawo da ita wurina saboda asibiti. Ba mu tambaye ta ba, gaya mata muka yi. Likita ya duba ya ce ido kam ya tafi, amma jinin za a iya riƙe shi idan tana shan magani kullum, ana kawo ta duk wata. Saratu ta ba ta ɗakin da ya fi sanyi, ta koyi miyar yakuwa da gyaɗa irin tamu, tana yi mata wanka, tana yi mata kitso. Babu abin da Mama ta rasa. Duk da haka matar da na sani, wadda surutunta ke tashin maƙwabta tun asuba, ta yi tsit. Abinci loma uku ta ture. Ta wuni a kan tabarma gindin darbejiya, kusa da randa, hannunta a kan gwiwa, cikin zafin bazarar nan tamu da ke sa mutum ya ji haushin rigar jikinsa.

Wanda ya fara sa ta magana kwaɗo ne. Wata rana da yamma ta miƙe ƙafa, sai ta taɓa wani abu mai sanyi a gindin randa. Hannatu ta ƙwala ihu ta ɗauko tsintsiya.

"Ki bar shi," in ji Mama. "Me ya ci miki?"

Ta laluba ta ɗauke shi, ta shafa bayansa da babban yatsa, ta ce wannan na gida ne, mai fata kaushi-kaushi da ƙuraje, wanda ba ya iya dogon tsalle. Ta ce irinsa ko ina yana nan, ƙauye da birni, in dai akwai randa da inuwa to ya samu gari. Da harshenmu take magana, ni nake juya muku da Hausa. Sai ta juya inda take jin motsin Saratu tana tankaɗe.

"Yakubu, matarka irin wannan ce. Ba ta da hayaniya, tana nan gindin randa tana tsince wa gida ƙwari, kuma ba wanda ke ce mata sannu."

"Mama, kwaɗo kuma na zama?" in ji Saratu, tana dariya har gari na zuba.

"Na kirki," Mama ta ce. Ranar ta cinye tuwonta.

Maƙwabciyarmu Ya Falmata, Allah ya jiƙanta, haifaffiyar Mafoni ce a tsakiyar gari, ɗanta ya dawo da ita Bulumkutu, kuma har ta mutu tana cewa an kawo ta daji. Ita ba ta jin yarenmu, Mama ba ta jin Barbarci, sai suka haɗu a Hausar kasuwa, kowacce na karya ta yadda ta ga dama. Ranar da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, ramukan bayan gida suka cika, kafin magariba unguwar ta kaure da kukan kwaɗi har ba ka jin rediyo. Na dawo daga ofis na tarar da su biyu a kan tabarma ɗaya, Mama ta karkata kai tana saurare.

"Wushe, Akawu," in ji Ya Falmata, gaisuwarta ke nan kullum. "Zauna ka ji, tsohuwarka ta fi ka ilimi."

"Jiya babu ko ɗaya," Mama ta ce. "Daga ina suka fito, garin da babu rafi?"

"Daga ƙarƙashinki. Namu na nan cikin yashi suke kwana. Ruwa na janyewa sai ya haƙa da ƙafar baya, yana shiga da baya da baya har ya ɓace. Ya yi barcinsa duk rani, ba ci ba sha. Ruwan farko ne ke buga masa ƙofa."

Ta ba Mama labarin burduddugi, ƙaton nan mai murya kamar ta bijimi, wanda masunta ke kamawa su busar a kai kudu. Ta ce akwai wani babba da uban ke tsaron 'ya'yansa a kududdufi, in ruwan ya fara ƙafewa ya haƙa musu hanya zuwa wani mai zurfi. Ta ce na gida kuwa ƙwansa a jere yake zubawa cikin zare kamar carbi, na ruwa kuma a dunƙule. Mama na gyaɗa kai, tana ɗaga yatsu ɗaya bayan ɗaya.

"Murya huɗu nake ji," ta ce. "Tamu babu."

Na tambaye ta wace ce tamu. Ta ce haba Yakubu, boko ya cinye maka kunne? 'Yan dutse mana. Sai na tuna. A rafin da ke gangarowa bayan gonar mahaifina akwai wasu ƙananan kwaɗi, ba su wuce gaɓar babban yatsa ba, yatsunsu da 'yan faifai a baki da suke manne wa jiƙaƙƙen dutse da ganye. Kukansu siriri ne, kamar ana ƙwanƙwasa tsakuwa biyu. Mama ta ce da kukansu take sanin lokacin shuka gyaɗa, da shi ta yaye mu duka, kuma tun da idonta ya rufe da shi take gane hanyar rafi. Ta faɗi haka, ta ja zane ta rufe ƙafafunta, ba ta ƙara magana ba har aka kai ta ɗaki. Abin ya tsaya mini a rai, ya hana ni sakat a ofis kwana da kwanaki.

Ni kuwa kun san halina. In abu ya dame ni sai na ɗauko takarda na tsara shi, kuma in na tsara ba mai tanƙwara ni. Na ce abin da tsohuwa ta rasa kuka ne, kuka kuwa a bakin kwaɗo yake, kwaɗo kuma ana iya ɗaukarsa. Na kira magini ya yi mini kwamin siminti a gindin darbejiya, na je Kasuwar Kwastam na sayo ragar waya ta rufewa. Saratu ta tsaya tana kallona, hannu a ƙugu.

"Baban Ishaku, kwaɗo fa ba akuya ba ne da za ka ɗaure shi inda ka ga dama."

"Ruwa ne da inuwa, ga su nan."

"In ruwa da inuwa ne kawai, me ya hana su zuwa da kansu tun tuni?"

Na ce mata ta tsaya kan allonta na malamar makaranta ta bar mini wannan. Kaico, ina jin kunyar maganar har yau. Na ɗauki hutun kwana uku na tafi ƙauye. Ni da ɗan baffana Bitrus, dattawa biyu da furfura ta fara fito wa, muka naɗe wando muka shiga rafi da yamma muna zamewa a kan duwatsu, mata masu ɗiban ruwa suna ta dariya. Muka kama goma sha ɗaya. Na zuba su a tulu da jiƙaƙƙen ganye, na cika buhu da duwatsun rafin, don kun san Maiduguri ba ta da dutse ko na jifar akuya. A mota na rungume tulun a cinya tun safe har la'asar. Wata Bashuwa da ke kusa da ni ta leƙa, ta matsa gefe, ta tambaye ni ko maganin wa za a haɗa. Kafin mu iso uku sun mutu.

Na jera duwatsun a kwami, na zuba ruwan famfo, na saki takwas ɗin, na rufe da raga. Na kawo Mama na zaunar da ita kusa, na ce ta saurara da yamma za ta ji baƙi daga gida. Ta karkata kai tana jira. Magariba ta yi, kwaɗin bayan katanga suka ɗauka kamar kullum, nawa ko ƙis. Washegari ma haka. Ruwan kwamin ba ya gudu, kafin azahar ya yi ɗumi, iskar garin kuma ko da damina tana busar da abu. Suka daina hawa duwatsun, suka taru a lungu ɗaya jikin raga, launinsu ya koɗe. Na kama musu ƙwari ba su ci ba. Kowace safiya kafin in tafi ofis sai in ɗaga ragar in tsinci wanda ya mutu in binne a ɓoye, in Mama ta tambaya in ce suna sabawa ne. Abin haushi, kwaɗin gida masu ƙuraje suka gano wurin, suka zo suka kewaye kwamin suna ta kuka abinsu. Ran Asabar da la'asar na leƙa, saura biyu masu rai, ɗaya kuma ya miƙe a kan dutse.

"Yakubu," in ji Mama daga tabarma. "Miƙo mini wanda ya mutu yau."

"Wa ya ce wani ya mutu?"

"Kwana biyar ina jin kana haƙa a bayan randa. Ido na rasa, ba kunne ba."

Na ɗora mata shi a tafin hannu. Ta shafa shi a hankali, ta bi 'yan yatsunsa ɗaya ɗaya, ta kai shi kusa da hanci ta shinshina.

"Har da warin rafinmu," ta ce. "Ɗana, me suka yi maka?"

Na ce don ke na yi, Mama.

"Na sani. Ka ba su ruwa, ka ba su inuwa, har dutse ka ɗauko musu a ka. Ba wanda zai ce ba ka yi ƙoƙari ba. Amma waɗannan ba irin na randa ba ne. Ruwa mai gudu suka sani, da sanyin da ke fitowa daga cikin dutse. Biyun da suka rage ka mayar da su tun suna numfashi."

Ta rufe hannunta a kan mataccen. Ni kuma na tsaya ina kallon wuyan hannun nan, yadda ya rame har awarwaron da ta zo da shi yana zamewa zuwa gwiwar hannu. Wata biyar tana gidana, sai ranar na gan ta da kyau. Na durƙusa na tambaye ta abin da ya kamata in tambaya tun kafin in sa ta a mota: Mama, kina so ki koma gida?

"Ba zan roƙe ka ba," ta ce. "Kai da 'yar'uwarka kuka kawo ni don kuna ƙaunata. In ka bar ni a nan zan zauna, zan sha magani, ba za ka ji bakina ba."

Wannan rashin jin bakin nata shi ne abin da na kasa ɗauka.

Yanzu ku buɗe kunne, domin nan ne maganar Antinku ta karkace. Da na gaya wa Saratu na yanke shawarar mayar da Mama, ita ce ta ƙi. A kicin ta tare ni, ta ajiye muciya, idanunta sun kawo ruwa.

"In jininta ya hau a can wa zai kai ta asibiti? Mota sai ranar kasuwa take shiga garinku. Ka bar mini ita, Baban Ishaku. In miyar ce ba ta yi ba zan sake koyo. In ɗakin ne mu ba ta namu."

"Ba miya ba ce, Saratu."

"To ka jira Yaya Lami ta zo a yi shawara."

Na ce in Lami ta ji ba za ta yarda ba, kwaɗin kuma ba za su kai jibi ba. Dubi hujjar babban mutum. Amma gaskiyata ke nan, na ji a jikina cewa in na jira zan rasa ƙarfin halin, Mama kuma za ta ci gaba da narkewa a gindin bishiyar nan cikin ladabi har ta ƙare. Saratu ta yi kukanta ta share. Da ta ga ba zan juya ba, sai ta ɗauko wani tsohon zane ta yayyaga shi siri-siri, ta ƙulle maganin kowace rana a ƙulli guda, talatin a jere, don Mama ta riƙa lalubawa tana kwancewa ba sai an karanta mata ba. Daga ranar har ƙarshe, duk wata sai ta ƙulla sabo ta aika da direban garinmu. Ya Falmata ta zo sallama da turaren wuta a ƙullin leda, ta riƙe hannun Mama ta ce ke kin tsira, ni an bar ni a daji.

Mama ce ta riƙe tulun a cinyarta duk tsawon hanya, tana yayyafa masa ruwa daga gora. Mun isa rana ta yi sanyi. Ta ce kada a kai ta ɗaki, a wuce da ita rafi. Ni da Bitrus muka riƙe ta hagu da dama, amma muna kaiwa gangaren sai ta zare hannunta, ƙafarta ta san kowane dutse. Ta tsuguna a bakin ruwa, ta karkata tulun, ta jira har ta ji sun fita. Muka zauna. Can sai ɗaya ya fara daga cikin ganye, ƙwas, ƙwas, wani ya amsa daga tsallake, kafin wani lokaci rafin duka ya ɗauka. Mama ta saki wata dariya da na manta tana da ita.

"Ka ji marasa kunya," ta ce. "Ko su tambayi inda na je."

Daga nan bakinta ya buɗe. Ta tambayi Bitrus wa ya nome gonar gangare bana, ta zage shi don bai gyara shingen ba, ta ce gobe a kawo mata gyaɗar iri ta ɓare. Ina zaune a kan dutse ina kuka kamar yaro, ita ko a jikinta.

Damina biyu ta ƙara yi. Matar Bitrus ta kula da ita, ta yi ƙiba, ta koma rigimarta da kowa. A rani na biyu, wata safiya tana ɓarar gyaɗa, jinin ya buge ta. Ba ranar kasuwa ba ce, babu mota. Ta kwana biyu ba ta magana, ta cika. Saƙo bai same ni ba sai da aka binne ta. Na tambayi likitanta daga baya ko da tana Maiduguri da ta tashi, ya ce mai yiwuwa ne. Wannan kalma tana nan tare da ni. Ban san shekara nawa na rage wa mahaifiyata ba, kuma ban ga fuskarta ta ƙarshe ba. Ina baƙin cikin wannan har gobe, amma in aka mayar da ni ranar Asabar ɗin nan, abin da na yi shi zan sake yi.

Abin da ba zan sake ba shi ne wanda ya biyo baya. A zaman makoki, a gaban dangi, Lami ta miƙe idanunta jajur.

"Ni dai a gaya mini wa ya ce a dawo da ita nan ta mutu kamar ba ta haifa ba."

Na buɗe baki, Saratu ta riga ni.

"Ni ce na kasa, Yaya. Ga makaranta ga yara. Ki yafe mini."

Lami ta dube ta sama da ƙasa, ta tofar da yawu, ta koma ta zauna. A hanyar dawowa na tambayi Saratu me ya sa ta yi wa kanta wannan ƙarya.

"Ku biyu kaɗai Mama ta bari," ta ce. "In ta ji haushina, ni matar ƙaninta ce, za ta iya rayuwa da shi. In ta ji naka, wa ya rage mata? Ka bar shi haka."

Na bar shi haka. Na ce zan gyara in ƙura ta lafa, sai shekara ta bi shekara. Lami na zuwa Kirsimeti ta ci abincin Saratu ba ta ce an gode ba, ni ina zaune ina kallo ina jin daɗin cewa yayata tana sona. Sama da shekara ashirin mahaifiyarku ta ɗauki laifina, ko sau ɗaya ba ta goranta mini ba. Ni da ake cewa ba na tsoron kowa, tsoro ne ya rufe mini baki, ba wani abu ba.

Kafin Lami ta koma Jos wannan karon na zaunar da ita a gindin darbejiya na gaya mata duka, tun daga tulu har ƙullin magani. Ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ce a kai ta kabarin Saratu, kuma in tsaya a bakin ƙofar maƙabarta. Abin da ta faɗa a can tsakaninsu ne. Ta fi awa ɗaya ba ta fito ba.

Kwamin yana nan inda kuka san shi, da duwatsun rafinmu a ciki. Wataƙila ba ku taɓa lura ba, duk bazara in zafi ya tsananta, mahaifiyarku takan juye masa bokiti guda da safe kafin ta tafi makaranta, saboda kwaɗin gida da ke fakewa a ƙarƙashin duwatsun. Na taɓa yi mata tsiya a kan haka, ta ce ai danginta ne, Mama ce ta faɗa. Tun da ta kwanta ciwo ba wanda ya tuna, sai shekaranjiya na leƙa na tarar ya bushe ƙayau, da guda ɗaya a lungu ya shige cikin ƙasa rabi, yana numfashi da ƙyar. Na ɗebo ruwa na zuba masa, na ce masa sannu.

Ishaku, na ji kana cewa a fasa kwamin don motarka ta samu wurin shiga. Ka ajiye ta a waje.